Ƙashin da Ke Jiran Jirgi

Da gari ya waye ranar Alhamis, Kaka ba ta gaɓa.

Hanus, shugaban masuntan tsibirin Grasoy, shi ya fara gani. Ya sauko da tulun man hantar kifi zai shafe ƙasusuwan da ake jan jirage a kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga bakin rumfa har inda ruwa ke lasar tsakuwa, sai ya tarar da gurbi. Ga kwancin nan lanƙwasasshe a cikin tsakuwa, amma mai kwanciyar babu ita.

Duka ƙasusuwan haƙarƙarin giwar teku ne, dabbar nan mai feso ruwa ta tsakar ka. Sai dai sauran yara ne a gaban babbar cikinsu, wadda ake kira Kaka. Ita tun ba a gina coci ba take nan, ta yi duhu kamar ruwan shayi, gindin jirage ya ci tsakiyarta har hannun mutum yana shigewa. Duk jirgin da zai shiga teku a kanta yake sauka, duk wanda ya dawo a kanta yake hawa, kuma ba a haifi ɗan Grasoy ɗin da zai tura jirgi ruwa ba tare da ita ba. Ga shi sanyi ya zo ƙarshe, busasshen nama ya ƙare a rumbuna, kifi kuwa ya iso bayan tsibiri yana ta shawagi.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba, don garin yana da baƙo. Torkil daga tsibiran kudu ya zo ya auri Sunniva, kuma ko da ya shekara shida a nan, har yau sunansa Baƙon Nan. Shi ne bara ya yi wa wani mutumin Denmark dakon jaka, mai yawon sayen tsofaffin kaya, wanda ya durƙusa gaban Kaka yana tambayar ko ta sayarwa ce. Sannan sawun da aka gani a bakin gurbin na ƙaton takalmi ne, kuma kowa ya san wanda ya fi kowa ƙafa a Grasoy.

"Daga nan zuwa Lahadi, bayan an fito coci," in ji Hanus. "In Kaka ba ta dawo ba, ya ajiye filafilinsa na tuƙi, jirgin wasiƙa ya maida shi inda ya fito. A kira mini Samal."

*

Samal mai bin sawun tumaki ne. Tunkiya za ta ɓace a kan dutse tsura, ya duƙa ya duba gansakuka, ya ce maka ta yi gabas kuma tana ɗingishi. A da mutum ne mai ba'a, amma tun kakar waccan shekarar da ƙaramin jirgi ya fita da ɗansa tilo, Heini, da autan Hanus da wasu samari biyu, bai kuma dawo ba, maganarsa ta koma sai an tatsa.

Ya iso gaɓa ya tarar rabin gari sun tattake wurin.

"Sannunku da aiki," ya ce. "In da ɓarawon ya biya ku, da bai sami haka ba."

Suka ja da baya da kunya. Ya bar su nan, ya faɗaɗa zagaye har ya sami inda ba a taka ba. Dusar ƙanƙara ta narke, ta bar laka mai laushi. Sawun ƙato ne da gaske, kuma ya nutse irin na mai ɗauke da kaya. Sai dai tsakanin taku da taku gajere ne, bakin takalmin kuma bai danna ƙasa ba, jan ta ya yi. Hanyar tudu tana nan ta hagu, ta bayan rumfunan jirage, inda babu idon kowa. Mai sawun bai bi ta ba. Dama ya juya, ya nufi coci ta tsakiyar gari.

"Me ka gani?" Hanus ya tambaya.

"Laka," in ji Samal.

*

Ya sami Torkil a ƙofar gida yana ɗaura ƙugiyoyi. Sunniva na tsaye a bayansa da tsohon ciki, idonta ya yi ja.

"Kawu Samal, ka zo auna ƙafata?" Torkil ya tuɓe takalmi ya miƙa masa. "Ga shi. Yau kowa ya zama maɗinki a garin nan."

Samal ya gwada da karan da ya auna sawun. Daidai wa daida.

"Ina kake da asuba?"

"Ina kwance. Amma wa zai yarda da shaidar matata? Na yi wa mutumin Denmark dakon jaka, ban musa ba. Ba wanda ya so aikin, aka ce a ba Baƙon Nan. Da na san haka za ta zama, da na bar shi ya ɗauki kayarsa."

"Kawu, a nan aka binne mahaifiyata," Sunniva ta ce a hankali. "In an kore shi, ina zan haihu?"

Samal ya waiga. Ya nuna wani gungumen itace a tsakar gida. "Ɗan taimaka mini ka kai wancan gindin bango."

Torkil ya dube shi kamar ya yi gardama, sai ya saɓa gungumen, ya juya ta hagu ya kai shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka gaida gida."

Daga nan ya biya wurin Gudmund masassaƙin ƙashi, wanda duk allura da mataji da takobin saƙar da ke gidajen Grasoy daga hannunsa ko hannun ubansa suka fito. An sha jin sa, in ya ɗan kurɓa, yana cewa ƙashi irin na Kaka asara ne a bar shi yana kwana a ruwa. Ga kuma sabuwar sassaƙa zube a ƙasa.

"Duba da kyau," in ji Gudmund, ya watso masa da ƙafa. "In ka ga Kaka a ciki ka gaishe ta."

Samal ya ɗeba ya shaƙa. Fari ne fat, yana warin maiƙo, na dabbar da teku ta jefo bara.

"Baki shi ke yanka wuya, Gudmund."

"Na faɗa, ban fasa ba. Amma faɗa daban, yi daban. Ƙanena yana cikin masu fita. In sa wuƙa a jikin Kaka, a kan me zai hau in ya dawo?"

Ta ƙarshe ita ce tsohuwa Elspa, wadda tagarta ke kallon coci. Idonta ya mutu rabi, amma kunnenta na jin tafiyar ƙuma.

"Na ji shi, ɗana. Gari bai gama wayewa ba. Ya zagaya coci ta dama, yana jan takalmi, saf, saf, yana tsayawa yana haki. Baƙon Nan ne."

"Kin gan shi, Inna?"

"Sai na gani? Wa muke da shi ban da shi?"

*

A gida, matarsa Rakul tana tsaye gaban masaƙa tana buga zare da takobin ƙashin da ta gada wurin uwarta. Da ta ji shigowarsa ta sauko da kwanuka uku, ta tsaya, ta maida ɗaya. Kullum haka take, kullum kuma yana yin kamar bai gani ba. Ɗakin na warin man hantar kifi, amma wannan ba sabon abu ba ne, don duk mako tana shafe takalman Heini na hawan dutse da ke rataye a bayan ƙofa kada su bushe.

"Ka samu, Baban Heini?"

"Ba tukuna."

Suka ci ba magana. Kewar yaron nan tana zaune da su a ɗakin, kowa ya riƙe tasa, ba mai nuna wa wani. Samal ya sha buɗe baki zai ambaci sunansa, sai ya ji tsoron abin da zai biyo baya, ya haɗiye.

*

Juma'a aka wuni ana iska da ruwa, ko ƙofa ba a buɗe ba. Ranar Asabar ya fita ya kama sawun daga bayan coci. Ruwa ya wanke mafi yawa, amma ciyawar da aka danne ba ta iya ƙarya. Mai kayan ya haura tudu, ya sauke ya huta a wurare da dama, kuma duk inda ya sake saɓawa sai ya juya ta dama, ko da hanyar tana hagu. Arewa ya nufa.

A bakin rafin da ke raba makiyaya akwai wani dutse mai rumfa, ƙarƙashinsa yumɓu ne da ruwan sama bai taɓa ba. A nan Samal ya sami taku guda cikakke, kamar yanzu aka ɗaga ƙafa. Ya duƙa. A dunduniyar hagu akwai faci mai kusurwa uku, ɗinkinsa a gicciye.

Shi ya yi ɗinkin. Da allurar Gudmund ya yi shi, da guntun fatar da ya rage, Heini na zaune a gefe yana cewa, "Baba, wannan ai sai ka ce ɗinkin buhu."

Ya zauna a cikin laka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta ƙasa, na ɗan lokaci ya manta duk abin da ya sani. Zuciyarsa ta ce masa Heini ne, ya fito daga ruwa, yana nan gaba kaɗan, in ka yi sauri za ka cim masa. Har ya miƙe ya fara sassarfa. Sai idonsa ya koma kan gajeren takun nan da bakin takalmin da babu yatsu a ciki, hankalinsa ya dawo. Duk da haka ya ci gaba da bi a hankali, don rabonsa da tafiya a bayan sawun ɗansa ya daɗe, kuma bai so hanyar ta ƙare ba.

Ta ƙare a Gaɓar Itace, lungun arewa inda igiyar ruwa ke tara duk abin da teku ta gaji da shi. Ga Kaka kwance a bakin ruwa, an tokare ta da duwatsu yadda ya kamata, an shafe ta da mai tana sheƙi. Ƙasa da ita kaɗan, rabin filafili ne ruwa ke juyawa, an ɗaure shi a jikin dutse da jan zaren ulu kada ya koma. Samal ya shiga ruwan har gwiwa ya juya shi. Alamar jirgin su Heini tana nan a jiki.

Bai taɓa komai ba. Ya dawo gida, ya tsaya a bayan ƙofa ya sa hannu cikin takalmin hagu. Da danshi.

Rakul ba ta juyo daga masaƙa ba. "Ka je."

"Na je."

"Itace na je nema ranar Laraba, na ga filafilin." Ta ajiye takobin. "Ya zo, Baban Heini. Duk tsawon nan yana neman hanya, ya iso, ya tarar ba a shimfiɗa masa ba. Ka san wanda ruwa ya ci ba ya kwanciya sai jirginsa ya hau tudu. In na faɗa wa Hanus, cewa zai yi baƙin ciki ya taɓa ni."

"Takalman fa?"

"Nawa ba sa iya dutsen arewa." Ta dubi takalman. "Kuma na so su ɗan taka ƙasa."

"Gobe za a kori Torkil."

"Ban yi zaton za a ɗora masa ba. Ka ba ni zuwa sabon wata, babban ruwa zai kawo sauran."

"Rakul, babu saura."

A nan ta juyo. "Babu tunkiyar da ta ɓace a tsibirin nan ba ka dawo da ita ba. Ni guda ɗaya na rasa, ba ka nemo mini ba. Yanzu ya kawo kansa, za ka ɗauke masa hanya?"

Maganar ta soke shi inda bai warke ba. Ya fita ya zauna cikin garke har yunwa ta sa tumakin kuka.

*

Lahadi bayan coci, ɗakin Hanus ya cika har ƙofa. Torkil na tsaye a jikin bango, Sunniva ta riƙe masa hannun riga. Gudmund ya harɗe hannu, Elspa ta sami wuri kusa da murhu. Rakul ba ta zo ba.

"Muna jin ka, Samal," in ji Hanus.

"Ba Gudmund ba ne. Bakinsa ne kawai ke sata." Aka ɗan yi dariya. "Torkil, miƙo wa Inna Elspa kujerar can ta bayanka."

Torkil ya ɗauki kujerar, ya juya ta hagu.

"Hanus, sau nawa ka zage shi a kan wannan?"

Hanus ya yi tsaki. "Tun da ya zo. Ko jirgi ne sai ya juya shi ta hagu, saɓanin rana, abin da ɗan Grasoy ba ya yi, sai an daka masa tsawa."

"To wanda ya ɗauki Kaka ya bar gajeriyar hanya ta hagu inda ba mai ganin sa, ya ratsa tsakiyar gari da kayan sata a baya, don kada ya juya ta saɓanin rana. Duk inda ya huta haka ya yi. Wannan ba a koyon sa da girma, da nono ake sha. Takalmin ƙato ne, amma ƙafar ciki ƙarama ce. Namu ne."

Mutanen da suka kwana uku suna nuna Torkil da baki yanzu kowa ƙasa yake kallo.

"Wa?" in ji Hanus.

"Na san inda take. Zan dawo da ita yau."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. An ɓata sunan mutum. In ba a faɗi wani suna ba, nasa zai ci gaba da ɗauka har jikokinsa. Wa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Samal ya sani. Ya dubi cikin Sunniva, ya tuna da Rakul. Sai Elspa ta ɗaga kai.

"Ku saurara. Ga shi nan tafe."

Saf, saf, a kan duwatsun ƙofa. Aka dare, Rakul ta shigo da takalman ɗanta a ƙafa.

"Ni ce, Hanus. Tana Gaɓar Itace. Torkil, ka yafe mini, ɗana, ban nufe ka da sharri ba." Muryarta ba ta rawa. "Filafilin jirginsu ne ya fito. Na kai masa Kaka ya hau."

Wata mata ta rufe baki da mayafi. Hanus, wanda tun da autansa ya tafi ba a ji ya kira sunansa ba, ya daɗe yana kallon ta.

"Ban da filafilin, akwai wani abu?"

"Babu."

"Kin shafa mata mai?"

"Na shafa."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya ɗauki hularsa da igiyar jan jirgi daga ƙusa. "Jirgi ya iso, mu muna zaune muna surutu," ya ce. "Ku tashi."

*

Duk garin ya haura tudun, har Elspa da aka goya. A Gaɓar Itace Hanus ya kwance jan zaren, ya ɗaura igiya a guntun filafilin. Abu ne da hannu ɗaya zai ɗaga, amma maza suka jeru kamar za su ja babban jirgi cike da kifi. Hanus ya waiwaya.

"Torkil, me kake jira? Wurinka ne babu kowa."

Torkil ya goge ido da bayan hannu ya kama igiya. Hanus ya ba da kiran da ake yi in jirgi ya dawo, suka amsa, suka ja. Itacen ya shiga kwarin da ke tsakiyar Kaka, ya zame, ya hau busasshiyar tsakuwa. Iyayen samarin huɗu suka matso. Rakul ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kansa.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Kun daɗe."

A nan kukan da ta riƙe ya ɓalle, Samal ya riƙe ta, ya kira sunan yaron a fili, ya sake kira.

Torkil aka ba Kaka ya ɗauko. Da ya saɓa ta, rabin gari suka ce masa "Dama" a tare, ya juya dama, har Hanus sai da ya murmusa. Rakul ta riƙe filafilin a ƙirji, za a binne shi a bayan coci.

Da suka kai rafi, Samal ya ce su yi gaba, zai duba wata tunkiya. Hadari na tasowa daga yamma, kuma in ruwa ya zo daga can rumfar dutsen ba ta tare shi. Ya jira har muryoyinsu suka yi nisa, sannan ya durƙusa gaban takun nan mai faci. Ya san ƙafar wa ce a ciki, ba wanda ya kai shi sani. Duk da haka ya tattaro duwatsu ya jera kewaye da shi, ya nemo faffaɗa ya rufe.

Ya ɗago ya ga Rakul tsaye a tsallaken rafi tana kallon sa.

"Zai kai bazara?" ta tambaya.

"In ba a taka ba."

Ta tsallako, ta zaɓi wani dutse, ta toshe kafar da ya bari ta yamma.